FILIN MOTA DA MAI ITA: Fenti Ba Ya Kashe Tsatsa

Cikin 'yan kwanakin nan na sami wasiƙu uku a kan magana guda, ɗaya daga Agege, ɗaya daga Fatakwal, ɗaya kuma daga Zariya. Dukkan masu wasiƙun suna da tsofaffin motoci waɗanda ba sa son rabuwa da su, kuma kukansu ɗaya ne: an kashe kuɗi an yi wa mota fenti, amma tun ba a je ko'ina ba sai ga ƙuraje sun feso a gindin ƙofofi da bakin ramin tayoyi. Na Fatakwal ɗin ma cewa ya yi sau uku ke nan yana sake fenti cikin shekara huɗu, har ya fara zaton ko sammu aka yi wa motar.

To, babu sammu a cikin wannan al'amari. Tsatsa ce, kuma ni kaina ta taɓa yi mini irin wannan aika-aika, saboda haka bari in fara da nawa labarin, tun da an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayi Peugeot 504 a shekarar 1982, tun ba a haife ni ba. A cikinta aka kai ni makaranta ran farko, a cikinta kuma aka ɗauko amaryar yayana. Ta yi shekara 30 da 'yan kai a Arewa tana kwana a ƙarƙashin rumfa, ban taɓa ganin tabon tsatsa a jikinta ba in ban da a salansa. Da aka zo rabon gado na roƙi 'yan'uwana a bar mini ita a cikin kasona, na tuƙo ta zuwa Ikko inda nake aiki. Damina uku kacal ta yi a nan sai ƙuraje suka fara fitowa. Na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota, cikin kwana huɗu ya maido mini da ita tana ƙyalli, har maƙwabta suna yi mini barka.

Da damina ta zagayo, ran nan taya ta yi faci a kan hanya. Na kafa jak a inda aka saba kafa shi, na yi ta murzawa, jak yana hawa amma mota ba ta ɗaga ba. Ko da na sunkuya sai na ga kan jak ɗin ya nutse cikin jikin motar kamar an soka cokali a tuwo. Abin da ya zubo ƙasa shi ne ɓaraguzan fila, da jan gari, da guntun ragar waya, da tsohuwar jarida a cukuikuye wadda aka cusa don ta tare ramin. Ni da nake cin abinci da jarida, ga shi an yi mini maganin tsatsa da ita.

Wani dattijo mai walda da aka haɗa ni da shi daga baya ya duba motar ciki da waje bai ce uffan ba, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, gyambo aka shafa wa hoda. In kana son motar mahaifinka ta rayu sai ka yarda a yanke ruɓaɓɓen nama, in kuwa ƙyalli kake so, koma wurin wanda ya yi maka na farko." Na ce, "Baba, a yanke." Wata biyu motar ta yi a hannunsa, kuma yawancin abin da zan faɗa a ƙasa a rumfarsa na fara koyonsa kafin in bi littattafai in tabbatar.

INA TSATSA TAKE FITOWA?

Tsatsa tana bukatar abu uku kafin ta samu: baƙin ƙarfe, da iskar da muke shaƙa, da ruwa. In aka raba ƙarfe da ruwa, ko aka raba shi da iska, ba ta da ta cewa. Aikin fenti ke nan, watau ya zama katanga tsakanin ƙarfe da sauran biyun, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsakuwa ɗaya da taya ta harbo ta ɓantare fenti kamar ƙwayar gero ta isa ta buɗe ƙofa.

Muguntar tsatsa ita ce ba ta rufe inda ta ci. Ƙarfen alminiyam shi ma iska tana taɓa shi, amma ɓawon da yake yi siriri ne mai manne wa jiki, sai ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa. Ita kuwa tsatsar baƙin ƙarfe kamar soso take, tana shan ruwa ta riƙe, ga shi kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba. Saboda haka sai ta kumbura ta ɗaga fenti, ruwa ya sami sabuwar hanya, ita kuma ta ƙara gaba. Jikin irin waɗannan motoci kuwa kaurinsa bai wuce wajen milimita ɗaya ba. Mai karatu ya dubi kaurin farcensa, ya ga ɗan abin da ke tsakaninsa da titi.

Gishiri shi ne babban abokin tafiyarta, domin ruwan gishiri yana hanzarta cin ƙarfe ƙwarai da gaske. Wannan ne ya sa motar da ta yi shekaru lafiya lau a Katsina ko Gusau take lalacewa cikin ɗan lokaci a Ikko ko Fatakwal ko Kalaba. A bakin teku iska tana ɗauke da gishiri, kuma danshinta yakan haura kashi 80 cikin 100, alhali kuwa a Kano lokacin hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Masana sun nuna cewa da zarar danshin iska ya wuce wajen kashi 60 cikin 100, ƙarfe tsirara yakan fara tsatsa ko da ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba. Haka nan motocin da ake shigowa da su na hannu daga ƙasashen sanyi, irin su Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, da yawa sukan zo da cutar a ƙarƙashinsu, saboda can ana watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara.

Amma kada mai wasiƙa daga Zariya ya ce ai shi ya tsira. Laka tana nan a ko'ina, kuma lakar da ta maƙale a ramin taya cikin watan Agusta tana iya riƙe danshi har bayan an yi girbi.

ME YA SA TSOFAFFI SUKA FI KAMUWA?

A Faransa aka fara fito da Peugeot 504 a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka. A wannan shekara ta 1975 ne aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma fara haɗa Volkswagen Beetle a Ikko. Turai ta daina ƙera 504 a 1983, amma a Nijeriya an ci gaba da haɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Babu wanda ke shakkar ƙarfin injinta ko juriyarta a kan mugun titi, shi ya sa har gobe in an ce "Fijo" dattawa sukan gyaɗa kai.

Sai dai an tsara waɗannan motoci ne tun kafin kamfanoni su rungumi dabarar lulluɓe dukkan jikin mota da tutiya, irin yadda ake yi wa kwanon rufi. Ita tutiya sadaukar da kanta take yi, ta lalace a madadin ƙarfen da take rufe da shi. Sai a tsakiyar shekarun 1980 wannan dabara ta fara yaɗuwa, misali Audi 80 da ta fito a 1986 jikinta duka a lulluɓe yake. Kafin nan tsatsa ta kunyata manyan kamfanoni. A 1980 sai da kamfanin Lancia na Italiya ya riƙa saye motocinsa samfurin Beta daga hannun masu su a Ingila saboda tsatsar da ta ci ƙarƙashinsu, kuma sunansa bai farfaɗo a wannan ƙasa ba.

Akwai kuma abu na biyu wanda ya fi wannan muhimmanci. Motar 504 ta shiga ba ta da wani ƙashin baya dabam da aka ɗora jiki a kansa, kamar yadda yake a babbar mota ko tsohuwar Land Rover. Jikin nata shi ne ƙashinta. Dogon akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda zan kira dokin ƙofa, da daɓen motar, da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da wurin da kan shok na gaba yake zama, su ne ke ɗauke da nauyin inji da na mutane. In suka ruɓe maganar ta wuce ta kwalliya, ta koma ta rai. Motar da dokin ƙofarta fila ne da jarida, ran da aka yi karo naɗewa za ta yi da mutanen da ke ciki. Da na tuna cewa na sha ɗaukar iyalina a motar nan tana cikin wannan hali, sai da jikina ya yi sanyi.

YADDA ZA KA BINCIKI MOTARKA

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, tsatsar jikin mota yawanci daga ciki take fitowa. Ƙurjin da ka gani a waje kamar kwabo, a bayansa akwai ɓarna kamar tafin hannu. Saboda haka bincike ba a tsaye ake yinsa ba, sai an durƙusa.

Ka sami mayen ƙarfe ƙarami, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi da shi gindin ƙofofi da dokin ƙofa da bakin ramin tayoyi. Inda ya kama da ƙarfi akwai ƙarfe, inda ya saki kuwa fila ce aka lafta. Sa'an nan ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba: lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum kamar ka bugi kwali. Inda ka yi shakka ka danna da bakin sukudireban, kada ka ji tausayi, domin abin da sukudireba ta huda dama ya riga ya mutu.

Ka ɗaga kafet da tabarmar roba ka dubi daɓe, musamman wajen ƙafar direba da ta mai zaman gaba. Ka kwashe kayan but ka dubi kusurwoyinsa. Ka ɗaga gefen robar gilashin gaba da na baya, don nan ruwa ke kwanciya. Ka dubi mazaunin batir, inda ruwan batir ke ɗiga. Mai Beetle ya ɗaga kujerar baya, domin a ƙarƙashinta batir yake, kuma daɓen wurin ne ke fara hujewa. Mai tsohuwar Land Rover kada jikin alminiyam ya ruɗe shi, ƙashin bayanta baƙin ƙarfe ne, kuma inda ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin danshi ɗaya yakan ci ɗaya. A ƙarshe a ɗaga motar a dubi bututun birki da na mai. Bututun birkin da ya yi ɓawo ba a kankare shi, sake shi ake yi.

Abin da za ka tarar ba zai wuce iri uku ba: tsatsar sama wadda ta ɓata launi kawai, da mai ɓawo wadda ta fara cin kaurin ƙarfe, da wadda ta huda. Kowacce da maganinta.

MAGANIN TA SAMA DA MAI ƁAWO

Ita ta sama kana iya yinta da kanka a gida. Ka goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, har sai ƙarfe ya fito fari yana walƙiya, ka kuma wuce iyakar tabon da kamar faɗin yatsa biyu, don tsatsa takan yi rarrafe a ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye. Sa'an nan ka bi da lamba 180 don gefen tsohon fenti ya kwanta.

In ƙarfen ya yi 'yan ramuka kamar zanen ƙyanda, samfefa ba za ta kai gindinsu ba. Nan ne ake bukatar buroshin waya, da ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti. Iri biyu ne aka fi samu. Ɗaya asid ɗin fosforik ne, ɗayan kuwa an yi shi da sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima da shi, wanda in ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Dukansu suna mai da ragowar tsatsa ta zama baƙin ɓawo marar ci. Amma a lura, siririn saura suke kashewa. Wanda ya zuba su a kan tsatsa mai kauri, sama kawai ya rina.

Bayan haka a goge wurin da tina a bar shi ya bushe, a shafa fentin shimfiɗa, wanda masu sana'ar ke kira faraima, a ranar nan ba sai gobe ba. A Ikko ƙarfen da aka kankare da safe yakan yi ja kafin magariba. Faraima mai efoksi ita ce ta fi, domin ruwa ba ya ratsa ta. Tokar faraimar nan da aka saba gani kuwa tana shan ruwa, saboda haka motocin da ake bari wata da watanni a bakin gareji da ita a jiki, ruwan sama yana dukansu, tsatsa suke yi a ɓoye tun kafin a fesa musu launi.

Ita fila ba abar ƙi ba ce in an san aikinta. Don daidaita ɗan lotsawa aka yi ta, a kan lafiyayyen ƙarfe, kuma bai kamata kaurinta ya wuce milimita 3 ba. Ba ta ɗaukar nauyi, ba ta toshe rami, kuma in bayanta a buɗe yake tana tsotsar ruwa ta ajiye shi a jikin ƙarfe.

MAGANIN WADDA TA HUDA

Wannan magani ɗaya gare ta: a yanke, a sa sabon ƙarfe. Ga abin da za ka tsaya a kai in ka kai motarka wurin mai walda.

Da fari, a yanka har a kai ga ƙarfe mai cikakken kauri, ko da ramin zai ninka yadda ka zata. In dokin ƙofa za a yanke, a fara tokare bakin ƙofar da sandar ƙarfe, a kuma tallafe motar a kan daidaitaccen wuri, in ba haka ba jikin zai saki, ƙofofi su ƙi rufuwa har abada.

Na biyu, a zana ramin a kwali, a yanko faci daidai da shi daga ƙarfe mai kauri irin na motar. Wanda ya fi duka shi ne a yanko wannan sashe daga wata matacciyar mota irinta wadda ta zauna a Arewa. Mai nema ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a nan Ikko. Kada ka yarda a yi maka faci da kwanon rufi. Ya yi siriri ainun, kuma hayaƙin tutiyar da ke jikinsa yana sa mai walda zazzaɓi.

Na uku, a haɗa facin baki da baki, kada a ɗora shi a kan tsohon ƙarfe. Duk inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe an gina wa ruwa ɗaki ke nan. Walda kuma a yi ta ɗigo-ɗigo, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa, har ɗigon su haɗu. Wanda ya ja wuta tiryan-tiryan a kan siririn ƙarfe zai tanƙware shi, daga nan sai a koma ga laftar fila don ɓoye tanƙwarar. Waldar lantarki ta sanda tana huda irin wannan ƙarfe, ta gas kuma zafinta yana yaɗuwa da yawa, sai a hannun gwani. In da hali a nemi mai injin walda na siririyar waya, wanda ake kira MIG.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne bayan facin. Wutar walda tana ƙone duk wani fenti da ke ciki, ta bar ƙarfe tsirara a wurin da ido ba ya gani. In ba a shafe shi da faraima ba, aka kuma fesa masa kaki, to daga nan sabuwar tsatsa za ta taso, kuma cikin damina biyu za ka koma gidan jiya.

Sai maganar tsare rai. Kafin a kunna wuta a cire batir, a fitar da kujeru da kafet, a ajiye bokitin yashi kusa. In aikin yana kusa da tankin mai a sauke tankin a kai shi nesa, kuma a sani tankin da ba kowa a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur shi ke fashewa. Mai gugar tsohon fenti ya sa takunkumi da tabarau, saboda wasu tsofaffin fentoci akwai darma a cikinsu. Fentin zamani da ake haɗawa da ruwan taurarawa kuwa yana lahanta huhu, ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi.

Shawara ta ƙarshe a nan ita ce, ka je ka ga aikin da idonka kafin a rufe shi. Ka ce a kira ka ran da aka gama walda, tun ba a sa fila ba. Mai aikin kirki ba zai ƙi ba, alfahari ma zai yi. Wanda ya ce maka kwana huɗu sun isa, ka tuna da jaridata, ka tuna kuma araha ba ta ado.

RIGAKAFI

A gindin kowace ƙofa, da ƙarƙashin dokin ƙofa, akwai 'yan ramuka da aka bari don ruwa ya fita. Ƙura da laka suna toshe su, wani lokaci ma mai fenti ne ke like su da fila. Ka sa waya ka buɗe su kafin damina da kuma tsakiyarta. In ka girgiza ƙofa ka ji ruwa yana motsi a ciki, to ka makara, amma ba ka rasa ba. Wannan aikin minti goma, wanda ba ya cin ko kwabo, ya fi kowane magani da ake sayarwa a gwangwani.

Wankin mota kuma a fara shi daga ƙasa. Yaranmu sukan goge sama har ta yi ƙyalli, a bar laka dunƙule a ramin taya. A sa ruwa mai ƙarfi a fatattake ta, musamman bayan an bi ta cikin ambaliya. Kada a yi wanki da ruwan rijiya mai zartsi. In ruwa ya shiga cikin mota a fitar da kafet a shanya a rana, don tabarmar roba takan rufe danshi a kan daɓe har tsawon makonni. Robar gilashin da ta tsage a sake ta. Mazaunin batir a wanke shi da ruwan da aka jiƙa sodar girki a ciki, wadda ke kashe kaifin asid, a ɗauraye a bushe a shafa fenti. Man birki in ya zuba a goge nan take, yana cin fenti.

Masu a-kori-kura su kula da abin da suke ɗauka. Gishiri da takin zamani da fitsarin dabbobi duk suna cin ƙarfe. Wanda ya yi jigilar raguna da Babbar Salla ya wanke bayan motarsa a ranar.

Sau ɗaya a shekara, lokacin da gari ya bushe, a fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙofofi da dokin ƙofa da ginshiƙai. Na san al'adarmu ita ce a fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota. Gaskiya yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana gurɓata ƙasa, in kuma ya taɓa birki to sai dai Allah ya kiyaye. In kaki bai samu ba, gara sabon mai da aka dama da ɗan giris, a shafa shi nesa da birki da salansa. Kwaltar da ake shafawa a ƙarƙashi ita ma sai a kan ƙarfe mai tsabta. In aka shafa ta a kan tsatsa, ran da ta tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita.

Wurin kwanan mota shi ma abin dubawa ne. Daɓen siminti ya fi ciyawa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, rumfar da iska ke ratsawa kuma ta fi tamfol. Mutane da yawa suna ƙunshe mota a tamfol suna zaton gata suka yi mata, alhali kuwa gumi take yi a ciki dare da rana. Motar da aka ajiye kuma a riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, ta sha iska ta ji zafin inji.

Ga masu wasiƙuna uku, amsata ke nan. Na Agege da na Zariya, bisa ga yadda kuka bayyana, motocinku za su gyaru, amma ku daina biyan kuɗin fenti sai kun biya na walda. Shi kuwa na Fatakwal, tun da ka ce mazaunin shok da daɓe da dokin ƙofa duk sun huje, kada ka sake ɗaukar iyalinka a cikinta sai gwani ya duba ta. In ya ce ɓarnar ta yi yawa, ka nemi lafiyayyen jiki daga Arewa a mai da injinka a ciki. Ba kowace mota ce ke tashi ba, kuma babu tsohuwar motar da ta kai ran ɗa guda.

Tawa dai tana nan da ranta. Duk ran Asabar nakan durƙusa da 'yar wayata ina buɗe mata ramukan ƙofa, maƙwabta suna dariya wai na mai da tsohuwa amarya. Ni kuwa nakan ce musu da tsohuwar zuma ake magani.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba maganar lagireto da yawan zafin inji. A ci gaba da aiko da wasiƙu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalam.